Ta Ashirin da Ɗaya a Aji

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ashirin da ɗaya.

Yau aka raba mana takardun matsayi, kowa tasa a cikin ambulan, wai don kada wani ya ga ta wani. Kafin a fita cin abincin rana duk makarantar ta san lambar kowa. Mu ɗari biyu da sha huɗu ne a ajinmu. Kashi goma cikin ɗari na sama su ashirin da ɗaya ne, su ne jami'o'in jiha ke ɗauka kai tsaye. Ni ce ta ƙarshe a cikinsu.

Noemi ce ta ashirin da biyu. Noemi Longoria, wadda muke zama kusa da juna tun aji uku na firamare. Ta leƙa takardata, na leƙa tata, sai ta fashe da dariya ta ce, "Idalia, ko a nan ma sai kin tare min gaba? Matsa mana in ga allo." Ni ma na yi dariya. Ban san ko tawa ta fito daidai ba.

An haɗo mana da fom ɗin zaɓen darussan baɗi, aji sha ɗaya, shekarar da a ƙarshenta ake tsayar da lambar da jami'a za ta duba. Layi bakwai, darasi bakwai. A cike da fensir, uwa ko uba ya sa hannu da biro, a mayar ranar Alhamis 20 ga wata.

Ban nuna wa Ama, mahaifiyata, ba tukuna. Ta dawo daga gidan tsofaffin da take aiki ƙafafunta a kumbure. Kuma ƙofar ɗakin yayana Ramiro a rufe take tun safe.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Bayan an tashi mun yi atisayen mariyaci, kiɗan gargajiyarmu na jita da ƙaho, mu 'yan ƙaramar ƙungiya da ba a ba mu maki. Ina mayar da gitaron cikin jakarsa, babbar jitar nan mai tumbi da ta kusa fina girma, sai malamin kiɗa Mista Zamora ya ce, "Cavazos, tsaya."

Na ce, "Na'am, Sa?"

Ya ce Beto zai gama makaranta a watan Mayu, babbar ƙungiya za ta rasa mai gitaron. Ya ce ya saurari mutum huɗu, ni ce kaɗai ba na gudu in waƙa ta yi daɗi. "Baɗi ina son ki a babbar ƙungiya. Darasi na shida da na bakwai, kullum. Ba roƙo nake ba, ina gaya miki ne kujerar taki ce in kina so."

Babbar ƙungiya! Su ne masu baƙaƙen kaya da maɓallan azurfa tun daga ƙugu har idon sawu. Su ne ke zuwa gasar jiha. Shekara uku ina zama a bayan ɗaki ina kallonsu.

Na fito ina murmushi ni kaɗai kamar wata zautacciya. Sai da na kai wurin tsayuwar bas na tuna da layi bakwai ɗin nan.

Laraba, 5 ga Fabrairu, lokacin abincin rana

Na je ofishin Mis Balli, malamar da ke ba mu shawara kan darussa. Ta juya takarda ta zana min abin da na riga na sani.

"Darasi mai nauyi, in kin ci shi da kyau, maki biyar. Na gama-gari, ko kin ci ɗari bisa ɗari, huɗu. Kiɗa na gama-gari ne."

Na ce, "Ko da na fi kowa, Mis?"

"Ko da kin sa alƙalan gasa kuka, mija, 'yata. Huɗu."

Ta ce waɗanda ke gabana duk masu nauyi bakwai za su ɗauka, na bayana ma haka. In na ba kiɗa layi biyu, zan gangara zuwa ashirin da shida ko da bakwai. Ta ce ba wai ƙofar jami'a za ta rufe ba ne, sai dai zan nema kamar kowa, in jira amsa kamar kowa. Ta yiwu e, ta yiwu a'a.

Da na miƙe ta ce, "Yaya Ramiro?" Na ce lafiya lau. Ta ce a gaishe shi, irinsa ba a samu kowace shekara. Na ce zai ji.

Ba zai ji ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Farantin da Ama ta ajiye wa Ramiro a bakin ƙofa jiya yana nan. Ya ci gurasar tortiya ɗaya, bai taɓa waken ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Noemi maganar Mista Zamora. Ta yi ihu a cikin bas har direba ya kalle mu ta madubi. Ta kama kafaɗuna tana jijjigawa. "Ke! Ke da tumbin jitar nan a kan dandamali! Sai an ɗora ki a kan akwati kafin a gan ki." Ta ce kada in tsaya wani tunani, in rubuta kawai. Ta ce tun muna yara in na ji kiɗa ƙafata ke rawa a ƙarƙashin tebur, har malamai su yi zaton fitsari nake ji.

Na ce, "Lambar fa?"

Ta ce, "Lamba ce kawai, Idalia."

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na nuna wa Ama. Tana tsintar wake a tebur, ta goge hannu a zanen gabanta ta karɓa. Ta daɗe tana kallon ashirin da ɗayan. Sai idonta ya tafi bangon falo, inda hoton Ramiro yake da hular kammalawa, ranar da ya yi jawabi a gaban duk garin saboda shi ya zo na ɗaya. Wata tara ke nan kacal.

Na ce mata akwai wata magana. Na faɗi ta kiɗan, da sauri, ina haɗiye rabin kalmomin.

Ta ce, "Nawa zai mayar da ke?"

Na faɗa.

"A'a."

"Ama, ba ki ma ji—"

"Na ji. Ki yi kiɗanki bayan an tashi kamar yadda kike yi. Wa ya hana ki?"

Na ce ba ɗaya ba ne. Ta ce ita ma aikin da take so da aikin da take yi ba ɗaya ba ne, ga shi ba ta mutu ba. Ta ce gidan nan ba zai iya ɗaukar wani "ta yiwu" ba a yanzu. Ta rage murya da ta faɗi haka, ta kalli hanyar ɗakuna.

Sai ta ce, "Wa ke bayanki?"

"Noemi."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce in ɗauki kiɗan."

Ama ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta fitar da tsakuwa ɗaya ta ajiye gefe. Ta ce, "Hmm."

Shi ke nan abin da ta ce. Hmm.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Bayan an tashi daga coci matan cocin sun sake tare mu a bakin mota. Ina Ramiro, ba a ganinsa, ko ya koma jami'a? Ama ta ce yana hutawa, karatun birni akwai gajiya. Ta faɗa da murmushi. A hanya ba ta kunna rediyo ba.

Apa, mahaifina, ya kira daga rijiyoyin mai inda yake aiki, sai ƙarshen wata zai zo. Na so in gaya masa. Muryarsa ta gaji sosai. Na ce komai lafiya.

Litinin, 10 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Noemi ta tambaye ni ko na rubuta. Sau biyu yau.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Sau uku.

Ba na son abin da nake tunani. Na rubuta shi a nan na soke, har biron ya huda takarda. Shekara takwas muke tare. Ita ce ta zo gidanmu a Nuwamba, ranar da Apa ya yi tuƙin awa bakwai ya je jami'a ya dawo da Ramiro, ta zauna da ni a bayan gida ba ta tambaye ni komai ba. Har yau ba ta tambaya ba.

Amma in na sauka, wa zai hau?

Me ya sa ba ta taɓa nuna min nata fom ɗin ba?

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Ciwon kai tun rana. Na nemi magani a banɗaki, na manta babu. Duk magungunan gidan suna cikin motar Ama a kulle, tun da Ramiro ya dawo. Sai da na jira ta dawo ta ba ni ƙwaya biyu a tafin hannu, ta tsaya har na haɗiye.

Ta cike fom ɗin da kanta, da fensir, da rubutun nan nata mai tsayawa tsaye. Masu nauyi bakwai. A layi na shida fiziks, a na bakwai ƙididdiga. Ta manna shi a jikin firij. Ta ce za ta sa hannu in lokaci ya yi, in riƙa ganinsa in saba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe uku da rabi na yamma

Na ɓata.

Yau babbar ƙungiya ke zagaya azuzuwa suna yi wa mutane waƙar ranar masoya. Suka shigo ɗakin cin abinci da kayansu, kowa ya tashi yana tafi. Beto yana bugun gitaron, ina jin ƙarar a ƙirjina. Sau biyu ya yi gudu, ni kaɗai na lura. Noemi ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Baɗi ke ce a wurin nan. Kin rubuta ko sai na rubuta miki?"

Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. Na ce, "Kin matsu ƙwarai in rubuta."

Ta ce, "Me?"

Na ce, "Ba komai. Kawai dai na ga ashirin da biyu ba ta da nisa da ashirin da ɗaya."

Ta ajiye cokalinta. Fuskarta ba ta yi fushi ba da farko, shi ya fi min ciwo. Kamar tana jira in ce wasa nake. Ban ce ba.

Ta buɗe jakarta ta zaro fom ɗinta ta shimfiɗa a kan tirena, a kan shinkafar. An riga an sa hannu. Layi uku cur na kwas ɗin aikin jinya, wanda ake kai su asibiti da rana. Na gama-gari ne duk ukun.

Ta ce, "Tun Janairu na yanke. Ni na fita daga tseren nan tun kafin ki san ana tsere. In kin sauka, Gilberto Ozuna ne zai hau, je ki zarge shi."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Saboda kullum maganarki muke yi. Taki da ta gidanku. Na ga kayanki sun yi nauyi, na ce bari in riƙe nawa." Ta ɗauke fom ɗin ta goge maiƙon da hannun rigarta. "Ashe haka kike kallona."

Ta tashi ta koma teburin 'yan ƙwallon raga. 'Yan ƙungiyar kuma can suna ta busa ƙaho.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na tura wa Noemi saƙo huɗu. Ta karanta.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Ta karanta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Ama ta tafi karɓar aikin wata da ba ta da lafiya. Ta ce kada in fita, kada in sa abin kunne, in riƙa saurare. Kullum haka take cewa, ba ta faɗin me zan saurara.

Na shiga gareji da gitaron ɗin makaranta, na bar ƙofar ciki a buɗe. Ina bugawa a hankali. Sai na ji kamar mutum a bayana. Ramiro ne, a tsaye a bakin ƙofa da bargo a kafaɗa. Ya rame, gashinsa ya rufe kunne. Rabon da in gan shi a wajen ɗaki da rana tun Kirsimeti.

Ya ce, "Igiyarki ta huɗu ta saki."

Na ce ba ta saki ba. Ya ce ta saki. Na duba, ta saki. Ya zauna a kan bokitin fenti yana kallona ina ɗaurewa.

Ya ce ya ga takardar a firij. Ya ce bangon gidan nan ba shi da kauri, ya ji komai ranar Asabar ɗin can.

Na daɗe ina juya tambayar, sai na yi ta. Na ce, "In da za ka koma baya, za ka sake ɗaukar masu nauyi bakwai?"

Na san amsar da nake so. Na so ya ce a'a, in ɗauka in kai wa Ama.

Ya ce, "Kada ki sa ni cikin lissafinki, Ida."

"Tambaya ce kawai."

"Ba tambaya ba ce. So kike ki ɗauke ni ki buga wa Ama a ka. Ita kuma tana ɗaukata tana buga miki." Ya ja bargon. "Ina son lissafi. Har yanzu ina so. Ba wanda ya tilasta ni. Abin da ya same ni ba fiziks ne ya kawo shi ba, kuma jita ba za ta hana shi ba. Ku daina mai da ni darasi."

Na ce yi haƙuri. Ya ce ba komai. Sai ya ce in buga wani abu mai sauri, ya gaji da jin waƙoƙin makoki ta bango. Na buga. Bai yi murmushi ba, amma ya zauna har na gama, sannan ya koma.

Ban gaya wa Ama ya fito ba. Ban san dalili ba. Kamar abin nawa ne.

Litinin, 17 ga Fabrairu, lokacin abincin rana

A ɗakin karatu na ci abinci, a ɓoye, tsakanin kantoci.

Talata, 18 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Mista Zamora bai tambaye ni komai ba. Ya dai ce in ba ni ba ce, sai ya fara koya wa wani tun yanzu, don haka ranar Juma'a zai duba jerin sunaye. Ya faɗa yana nannaɗe waya, bai kalle ni ba. Na fi so da ya matsa min.

Gilberto Ozuna ya riƙe min ƙofa yau. Bai san komai ba, bawan Allah. Na ji kamar in make shi.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe takwas saura na yamma

Ama ta sa hannu a fom ɗin. Ta sumbaci goshina ta ce wata rana zan gode mata. Ta ce, "Ke kaɗai ce ba na kwana da tunaninki, mija. Ki bar min wannan."

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe tara da minti goma na safe

Na miƙa.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na tsaya a banɗakin 'yan mata kafin in je ofis. Minti biyar, ko bai kai ba. Akwai ɓurɓushin kilinar goge fensir a gaban rigata, sai a darasi na uku na gani na kakkaɓe.

Ama ta tambaya ko na miƙa. Na ce e. Gaskiya ce ai.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mista Zamora ya gan ni a baranda ya ɗaga min babban yatsa. Na sunkuyar da kai na wuce.

Asabar, 22 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Ba abin da ya faru.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Ba abin da ya faru. Duk ƙarar waya sai in juya in kalli Ama.

Litinin, 24 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Wajen ƙarfe biyar Ama tana murza ƙullun tortiya, ni ina yanka albasa. Wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk gari, ta ce in danna mata sifika. Na ga lambar makaranta. Na danna.

Mis Balli ce. Ta gaishe ta, ta ce ba wata matsala ba ce, tana bin fom ɗin ɗalibai ne ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta ga an goge layi na shida da na bakwai a na Idalia an rubuta mariyaci, kuma rubutun ya bambanta da na sauran layukan. Tana so ta tabbatar gida an san da haka, kuma an san abin da zai yi wa matsayinta. Ta ce in ba a sani ba, to wannan wata magana ce daban, sai an zauna da shugaban makaranta.

Ama ta daina murzawa. Ba ta juyo ba. Ina kallon bayan wuyanta. Wuƙar tana hannuna, na kasa ajiyewa.

Mis Balli ta ce, "Misis Cavazos? Kina ji na?"

Ama ta ce, "Ina ji. Na sani. Ni na sa hannu."

"To madalla. Kawai na ce bari in—"

"Na gode da kika kira."

Ta nuna min wayar da haɓa, na kashe. Ta ci gaba da murza ƙullun. Ta yi ɗaya, ta ɗora a tanda, ta juya, ta sauke. Ta yi na biyu. Na ce, "Ama." Ta yi na uku.

Sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Wata uku ina yi wa mutanen garin nan ƙarya saboda ɗa ɗaya. Na ɗauka ke ba za ki sa ni ba."

Na fara kuka, na ce zan je gobe in gyara, zan faɗa musu ni ce. Ta ce in fita mata daga kicin. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Talata, 25 ga Fabrairu, ƙarfe shida da rabi na safe

Ama ta fita tun kafin in tashi. Ta bar min tako biyu, tortiya da haɗi a naɗe, a kan tebur, kamar kullum. Na kasa ci. Na kasa bari.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

"Miƙo gishiri." Iyakar maganar yau.

Laraba, 26 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na yamma

Na dawo na tarar da motar Ama a ƙofar gida, da wuri haka. Tana zaune a tebur da kayan aikinta a jiki. A gabanta sabon fom, fari tas. Ashe ta je makaranta da lokacin hutunta ta karɓo. Ta ce wa Mis Balli wancan ya yi datti.

Ta ce, "Zauna."

Ta ɗauki biro ta sa hannu a ƙasa, alhali ba a rubuta komai a sama ba. Ta turo min shi da fensir.

"Rubuta. A gabana, ba a banɗaki ba."

Na ce ban ce a banɗaki na yi ba. Ta ce ita ma ta taɓa zama 'yar shekara sha shida.

Na ce, "Me kike so in rubuta?"

"Kin san abin da nake so. Ban canza ba. Ina jin tsoro, Idalia, kuma ina da dalili. Amma ba zan sake zama a gidan nan ina zaton na san abin da ke cikin kan ɗana alhali ban sani ba. Sau ɗaya ya ishe ni." Ta taɓa fom ɗin da yatsa. "Rubuta gaskiya in gani da idona."

Biyar na farko ba su yi wuya ba. Na rubuta masu nauyin duka, da lissafin da kowa ke gudu. A na shida na tsaya. Na yi tunanin ashirin da bakwai. Na yi tunanin jiran wasiƙa shekara mai zuwa, da fuskar Ama in amsar ta zo a'a, da matan coci a bakin mota. Duk na gan su sarai, ba wanda ya ragu. Na danna fensirin har ya karye. Ta tashi ta ɗauko wuƙa ta fere min shi, ta miƙo.

Na rubuta mariyaci. Na sake rubutawa a na bakwai.

Ta jawo takardar ta karanta tun daga sama har ƙasa, leɓenta na motsi. Ta ninke ta biyu.

Ta ce, "Ban yarda ba. Hannu kawai na sa. Kada ki haɗa su."

Na ce na ji.

"Biyar ɗin nan kuma, in na ga ɗaya ya yi ƙasa, ni da ke ne."

Na ce na ji.

Ta miƙe ta cire takalmanta, ta tafi ta ƙwanƙwasa ƙofar Ramiro ta ce abinci ya kusa, in yana so ya fito. Ba ta jira amsa ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Na miƙa. Mis Balli ta duba ta ce, "Kin tabbata?" Na ce a'a, Mis, amma shi ne. Ta buga hatimi.

Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Na dai ji yunwa, karon farko a sati guda.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na daina tura wa Noemi saƙo. Na rubuta mata da hannu, shafi ɗaya, ban kare kaina ko a layi ɗaya ba. Na tambaye ta yaya kwas ɗin jinyar yake, wane asibiti, ko tana jin tsoron allura har yanzu. Abin da ya kamata in tambaya tun Janairu. Na zura a lokarta.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Bayan darasi na huɗu muka yi kiciɓis a baranda, mutane sun cika, ba hanyar kaucewa. Na tsaya. Ita ba ta tsaya ba. Ta zo daidai kafaɗata, idonta a gaba, ta ce, "Igiyar takalminki ta kwance, za ki faɗi."

Ta wuce.

Na tsuguna a tsakiyar hanya ina ɗaurewa, ana ta bangaje ni. Da na ɗago, tana can ƙarshen baranda a bakin matakala, ta rungume littattafanta, tana duba agogo kamar wadda aka ɓata wa lokaci.